Sauyin yanayi: Muhawarar da ta raba kan Kiristocin Ibanjelika a Amurka

A zaɓen Amurka na 2016, kimanin kashi 80 cikin 100 na fararen fata mabiya tafarkin Ibanjelika sun zaɓi Donald Trump, wanda daga baya ya fitar da ƙasar daga yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi. Hakan ya sa ake yi musu kuɗin goro a matsayin masu adawa da kare muhalli. Sai dai a tsakaninsu akwai muhawarar da ta daɗe, kuma tushenta fassarar nassi ne.

Littafin Farawa ya ba ɗan Adam iko a kan sauran halittu, ya kuma ɗora masa nauyin noma gonar Aidan da kula da ita. Wasu sun fahimci wannan iko a matsayin izinin cin moriyar ƙasa yadda aka ga dama, wasu kuma suna ganin amana ce da za a tambaye su a kanta.

A 2006, shugabannin Ibanjelika 86, ciki har da fitaccen fasto Rick Warren, sun sanya hannu a kan wata sanarwa. Sun yarda cewa ayyukan ɗan Adam ne ke ɗumama duniya, kuma talakawa ne za su fi ɗanɗana kuɗarsu, don haka ƙaunar maƙwabci ta wajabta ɗaukar mataki. Ƙungiyar Cornwall Alliance ta Calvin Beisner ba ta yarda ba. Hujjarta ita ce taƙaita amfani da fetur da kwal zai tsawwala kuɗin makamashi a kan talakan da ake cewa ana karewa.

Katharine Hayhoe, masaniyar kimiyyar yanayi a Jami'ar Texas Tech, wadda mijinta fasto ne, tana bin majami'u da jawabi. Takan fara da abin da ta yi tarayya da masu sauraro a kai, wato imani da tausayin mabuƙata, kafin ta kawo alƙaluma.

Wannan fahimta ta amana ta bar tarihi a Jamhuriyar Nijar. A 1983, Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki a Maraɗi da ƙungiyar mishan ta SIM, wadda cocin ECWA ya samo asali daga gare ta, ya lura cewa kututturan da ke gonaki suna da rai. Manoma suka riƙa rage tsiron suna barin masu ƙarfi su girma, dabarar da ake kira sassaben zamani. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 sun farfaɗo a hekta miliyan 5.

Babu ƙasar da ta kai Amurka fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya a tarihi, kuma ƙuri'ar Ibanjelika na da nauyi a jam'iyyar Republican. Duk ɓangaren da ya rinjayi mumbari zai yi tasiri a manufofin Washington, waɗanda sakamakonsu ke isowa har gonakin Sahel.