Cinikin Tikitin Wasan Kwaikwayo Ta Intanet: Yadda Ake Samun Kujera Mai Kyau Da Rahusa

A shekarar 2023 mutum miliyan 17.1 suka shiga gidajen wasan kwaikwayo na birnin Landan, bisa alƙaluman da ƙungiyar masu gidajen wasa ta birnin, wadda ake kira SOLT, ta bayar. A birnin Niyok na ƙasar Amurka kuwa, gidajen wasa na Broadway sun yi cinikin dala biliyan 1.89 a kakar wasanni ta 2024 zuwa 2025. Galibin wannan ciniki ta intanet ake yin sa, inda mai saye ke duba taswirar zauren kallo a kwamfuta ko wayar salula, ya zaɓi kujerarsa, ya biya da katin banki.

Sai dai a wannan kasuwa ba abin mamaki ba ne mutum biyu su zauna kafaɗa da kafaɗa, su kalli wasa ɗaya a dare ɗaya, alhali ɗayansu ya biya ninkin abin da ɗan'uwansa ya biya. Abubuwa uku ne ke haddasa wannan bambanci: sanin fasalin ginin, sanin lokacin saye, da sanin wanda ake saye a hannunsa.

Dalilin hawa da saukar farashi

Kujerar gidan wasa haja ce mai saurin lalacewa fiye da tumatir. Da zarar an ɗaga labule, duk kujerar da ba a sayar ba ta zama asara, domin ba a ajiye kallon daren jiya a sayar gobe. A ɗaya hannun kuma, kuɗin da mai shirya wasa ke kashewa ba ya raguwa don 'yan kallo sun yi ƙaranci. Albashin 'yan wasa da makaɗa, da hayar gini, da kuɗin lantarki, duk suna nan yadda suke ko zaure ya cika ko bai cika ba.

Tun a 1966 wasu masana tattalin arziki biyu na Amurka, William Baumol da William Bowen, suka yi bayanin cewa wannan sana'a ba ta iya rage tsadar aiki yadda masana'antu ke yi. Masaƙa tana iya sayen inji ta ninka yadin da take fitarwa, amma wasan da ke bukatar mutum goma a kan dandamali, mutum goman zai ci gaba da bukata, kuma albashinsu yana tafiya tare da tsadar rayuwa.

Don haka masu shirya wasa suka koma ga tsari irin na kamfanonin jiragen sama, wato a tsauwala farashi ga mai iya biya, a sassauta inda kujera ke neman yin kwantai. A 2001 wasan The Producers ya fara keɓe wasu kujeru na alfarma a Broadway kan dala 480. A 2016 irin waɗannan kujeru a wasan Hamilton sun kai dala 849, sa'an nan a 2025 wasan Othello, wanda Denzel Washington ya fito a ciki, ya sayar da su kan dala 921. A yau gidaje da dama suna sauya farashi daga rana zuwa rana gwargwadon yawan masu nema. Wannan tsari da ke haifar da kujerar alfarma shi ne dai yake haifar da kujera mai rahusa, tun da ga mai gidan wasa, ɗan kuɗi kaɗan ya fi kujerar da ba kowa a kanta.

Sanin fasalin ginin

Yawancin gidajen wasa na unguwar West End a Landan an gina su ne a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, lokacin da ake raba 'yan kallo bisa matsayinsu a cikin al'umma, har wasu gidajen suna da ƙofa dabam ta talakawa. Wannan rabo ya bar zaure mai hawa uku ko huɗu. Akwai kujerun ƙasa, waɗanda a taswira ake rubuta su da sunan Stalls. Akwai bene na farko, wato Dress Circle ko Royal Circle, sai bene na biyu, Upper Circle ko Grand Circle. A wasu gidaje akwai kuma bene na can ƙoli, Balcony ko Gallery, inda farashi ya fi sauƙi.

Taswirar da ake gani a intanet shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta nuna tsawo ko abin da ke tare ido. Bene na farko yakan rufe saman kujerun ƙasa na baya kamar rumfa, ta yadda mai zama a can ba zai ga saman dandamali ba. A wasan The Phantom of the Opera, wanda aka fara nunawa a Landan a 1986, babban abin kallo shi ne wata ƙatuwar fitila da ke tashi sama ta kuma faɗo, kuma wanda ya zauna can ƙarƙashin rumfar bene yakan rasa wani sashe na wannan. A wasu tsofaffin gidaje akwai ginshiƙai masu riƙe da bene a tsakiyar kujeru. Kujerun gefe sukan ɓoye kusurwa ɗaya ta dandamali, haka kuma ƙananan ɗakunan alfarma da ke jikin bango, duk da kwarjininsu, daga gefe ake kallo a cikinsu. Sahun farko na ƙasa yakan sa mutum ya yi ta ɗaga wuya idan dandamalin mai tudu ne. A benen ƙoli kuwa, matakala tana da tsayi, wurin miƙe ƙafa kuma ƙanƙane ne, abin da ya kamata dogon mutum ko mai ciwon gwiwa ya yi la'akari da shi.

Ana raba kujeru rukuni-rukuni na farashi, kowane rukuni da launinsa a taswira. Riba tana kan iyakar rukuni biyu. Kujerar farko ta rukuni mai sauƙi da kujerar ƙarshe ta rukuni mai tsada sau da yawa sahu ɗaya ne ko taku ɗaya tsakaninsu, abin da ake gani daga cikinsu kusan ɗaya ne, amma kuɗinsu ya bambanta. Kazalika, kujerar tsakiya a gaban bene na biyu takan fi kujerar gefe a ƙasa kyawun kallo, ko da ta ƙasan ta fi tsada.

Gidajen wasa kan sa alama a kan kujerun da wani abu ke tare wa kallo, su kuma rage kuɗinsu. Ba duka ne abin gudu ba. Wata kujerar, ɗan siririn ƙarfen kariya ne kawai a gabanta, wata kuwa rabin dandamali take ɓoyewa. Shafuka irin su SeatPlan da Theatremonkey suna tattara bayanai kujera-kujera, kuma a SeatPlan 'yan kallo kan sa hotunan da suka ɗauka daga inda suka zauna. Duba lambar kujera a can kafin a biya kuɗi aiki ne na 'yan mintoci.

Irin wasan ma yana da nasa hukunci. Wasan kiɗa da rawa mai jama'a da yawa ya fi kyau daga bene, inda ake ganin tsarin rawar gaba ɗaya. Wasan da ya dogara ga zance da yanayin fuska yana son kusanci. A wasan The Lion King, wanda aka fara a gidan Lyceum a 1999, 'yan wasa masu siffar namun daji kan ratsa ta hanyoyin da ke tsakanin kujerun ƙasa, saboda haka iyalai masu yara kan nemi kujerun bakin hanya.

Lokacin saye

Ga wasan da ake rububinsa, sayen wuri shi ne rahusa, domin kujeru masu sauƙin kuɗi su ke fara ƙarewa, sauran kuma farashinsu hawa yake yi yayin da rana ke matsowa. Ga wasan da ya daɗe ana yi, ko wanda kasuwarsa ta yi sanyi, jinkiri kan jawo ragi. Daren Litinin zuwa Alhamis ya fi na Jumma'a da Asabar sauƙi, haka nan wasan rana na tsakiyar mako. Kwanakin gwaji, wato kafin a buɗe sabon wasa a hukumance, su ma akan rage musu kuɗi. Lokacin hutun makarantu da bukukuwan ƙarshen shekara kuwa, farashi kan kai ƙololuwa.

Ƙungiyar SOLT kan shirya gwanjon tikiti a farkon shekara, bayan an gama bukukuwa kasuwa ta lafa, da kuma wani shiri na lokacin hutun watan Agusta mai suna Kids Week, inda yaro ke shiga kyauta tare da babban da ya biya cikakken kuɗi. Bugu da ƙari, mai neman kujera ɗaya ya fi mai neman huɗu a jere sa'a, domin kujeru ɗai-ɗai kan ragu a tsakiyar sahu mai tsada.

Tikitin ranar wasa

Sayar da ragowar kujeru da rangwame ya girmi intanet. An buɗe rumfar TKTS a dandalin Times na Niyok a 1973, aka kuma buɗe irinta a dandalin Leicester na Landan a 1980. A 1996 wasan Rent ya fara sayar da sahun gaba kan dala 20 a ranar wasa, kuma da layi ya yi tsawo har mutane suna kwana a titi, sai aka mai da abin ƙuri'a.

Wannan al'ada ta koma cikin waya. Manhajar TodayTix, wadda aka kafa a 2013, da ire-irenta suna sakin wasu kujeru da safiyar ranar wasa ga wanda ya riga sauran. Ƙuri'ar kuwa ba caca ba ce, domin ba a biyan komai kafin shiga, wanda sunansa ya fito ne kawai ake ba damar saye da rahusa cikin ɗan ƙayyadadden lokaci. Da wasan Hamilton ya zo Landan a 2017, ya zo da ƙuri'ar tikitin fam 10. Illar wannan hanya ita ce gidan wasa ne ke zaɓar kujerar, kuma ba tabbas a samu, don haka ba ta dace da baƙon da ke da dare ɗaya tak a gari ba.

Akwai kuma gidajen da rahusa ke cikin manufarsu. Gidan Globe, wanda aka buɗe a 1997 bisa fasalin gidan wasan zamanin Shakespeare, yana da filin tsayuwa na mutum 700 a gaban dandamali, kuma ya shafe shekaru masu yawa yana sayar da wurin kan fam 5. Gidan wasa na ƙasa na Birtaniya ya ɓullo da tikitin fam 10 a 2003 da tallafin kamfanin Travelex.

Wanda ake saye a hannunsa

Hanya mafi aminci ita ce shafin gidan wasan kansa ko na masu shirya wasan. Bayan su akwai dillalai masu izini, waɗanda ke ɗora la'adarsu a kan ainihin kuɗin tikiti. A Birtaniya irin waɗannan suna da ƙungiya mai suna STAR, wadda aka kafa a 1997, kuma membobinta kan sa tambarinta a shafukansu. Da yake dillalai dabam-dabam kan riƙe kujeru dabam-dabam na wasa ɗaya, kwatanta shafi biyu ko uku yana da amfani, muddin jimillar kuɗin ƙarshe ake kwatantawa.

An daɗe ana kokawa da ɗabi'ar nuna ƙaramin farashi a farko, sai an zo biya a tsinci ƙarin kuɗin hidima iri-iri. Daga watan Afrilu na 2025 dokar Birtaniya ta wajabta nuna duk kuɗin da ba makawa sai an biya tun a farashin farko, kuma a watan Mayu na wannan shekara wata ƙa'ida makamanciyarta ta fara aiki a Amurka kan tikitin taruka.

Babban haɗari yana wajen 'yan bumburutu, masu saye da yawa su sake sayarwa da tsada. Sau da yawa shafin da ke fitowa a saman sakamakon bincike talla ce da aka biya, ba shafin gidan wasa ba. Amurka ta haramta amfani da na'urori masu wawure tikiti a 2016, Birtaniya ta bi sahu a 2018. Dokar kare masu saye ta Birtaniya ta 2015 ta tilasta wa mai sake sayarwa bayyana lambar kujera da ainihin farashinta, kuma a watan Nuwamba na 2018 hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta samo umarnin kotu da ya tilasta wa kamfanin Viagogo gyara tsarinsa. Duk da haka, wasu gidaje suna da sharaɗin soke tikitin da aka sake sayarwa ba da izini ba, sai mai shi ya iso ƙofa a mai da shi.

Kafin a danna wurin biya, ya kamata a sake duba rana da sa'a da ƙa'idar shekarun yara, domin akasarin gidaje ba sa mai da kuɗi sai in su suka soke wasa, ko da yake wasu kan yarda a canja rana da ɗan caji. Mai biya da katin wata ƙasa kuma ya sa kuɗin canji na bankinsa a lissafi. Wanda ya makara kuwa, ko nawa ya biya, akan tsai da shi a waje har sai an sami sarari a cikin wasan, wani lokaci ma sai an kai hutun tsakiya.