Hoton da ba a ɗauka da na'ura ba

Matan Dogondutsi da na Tibiri sun san wata dabara wajen ƙunshi: inda ba a so lalle ya kama, sai a rufe wurin tukuna, in an wanke ado ya fito. Haka nan marinan Ƙofar Mata a Kano suke ɗaure yadi kafin su tsoma shi cikin baba. Da irin wannan dabara ce wani mutumin ƙasar Beljik, Pierre Cordier, ya buɗe sabuwar hanya cikin sana'ar hoto.

Ranar 10 ga watan Nuwamba na shekara ta 1956, lokacin da yake aikin soja a Jamus, ya yi rubutu da jan farce bisa takardar hoto, ya tsoma ta cikin ruwan wankin hoto. Zanen da ya fito shi ne mafarin aikin da ya raɗa wa suna shimigaram.

Ga yadda abin yake. Takardar hoto a shafe take da gishirin azurfa. Ruwan wankinta iri biyu ne: na farko yana baƙanta azurfar da haske ya taɓa, na biyu yana narkar da wadda ba ta baƙanta ba, wurin ya zauna fari. Mai shimigaram ba ya bukatar na'ura ko ɗakin duhu. Yakan shafa wa takardar kaki, ko zuma, ko mai, sa'an nan ya riƙa tsoma ta cikin wannan ruwa da wancan. Shafen yana tsattsagewa sannu a hankali, kowane ruwa yana cin inda ya samu ƙofa, har layuka baƙaƙe da farare su jeru. Hoton ba ya nuna fuskar kowa, ba shi kuma da na biyu, domin babu fim ɗin da za a sake wankewa.

A shekara ta 2010 gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan ya baje ayyukan Cordier. Ya rasu a 2024.

Yau wayar hannu ta sa an rufe ɗakunan wankin hoto da dama, sanin waɗannan ruwaye kuwa yana hannun tsofaffin masu sana'ar. Ya kamata gidajen matasa da al'adu na Arewa su haɗa su da samari da ƴan mata tun da sauran lokaci, domin wanda ya iya ƙunshi ko rini ya riga ya san rabin aikin.