Allurar rage ƙiba ta waya: Yadda za a bambance likita da mai talla

A unguwanni irin su Rijiyar Zaki da ke kan hanyar Gwarzo a Kano, inda gonaki ke rikiɗewa zuwa gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa, tallar maganin rage ƙiba ta daina jiran mai lasifika a bakin kasuwa. Cikin waya take shigowa yanzu, ta Instagram da TikTok da WhatsApp: a tura kuɗi, a yi magana da wanda aka ce likita ne, ɗan aike ya kawo allura har ƙofar gida. Ganin likita ta waya ba aibi ba ne, yana ma hutar da mutum dogon layin asibiti. Abin dubawa shi ne ko likitan na gaske ne, da kuma hanyar da maganin ya biyo.

Allurar da aka fi nema ita ce semaglutide ta kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmark. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2017 da sunan Ozempic domin masu ciwon sukari, sannan a 2021 da sunan Wegovy domin rage ƙiba. Sau ɗaya ake yin ta a mako. Tana kwaikwayon wani sinadari da hanji ke saki bayan an ci abinci, sai ta rage yunwa, ta kuma jinkirta fitar abinci daga ciki. An tsara ta ne ga wanda ma'aunin ƙibarsa na BMI ya kai 30, ko 27 idan yana da hawan jini ko ciwon sukari. Ba a yi ta don amaryar da ke son zubar da kilo uku kafin biki ba.

Daga tambayoyi ake fara gane shiri na ƙwarai. Likitan gaskiya zai nemi tsayi da nauyi, da awon jini da na sukari, da sunayen magungunan da mutum ke sha. Zai bincika ko akwai tarihin wani nau'in kansar maƙoshi a dangi, ko mutum ya taɓa kumburin sashen cikin da ke samar da insulin. Mace kuwa dole a tambaye ta batun juna biyu, domin ana dakatar da allurar aƙalla wata biyu kafin ɗaukar ciki. Duk shafin da tambayarsa ta farko ita ce shaidar biyan kuɗi, kanti ne kawai, ko da mai shi ya rataya farar riga a hotonsa. Mai neman magani yana da haƙƙin ya nemi cikakken sunan likita da lambar rajistarsa a hukumar MDCN, da kuma lasisin hukumar PCN na kantin da zai ba da maganin.

Batun jabu ba jita-jita ba ne. A Oktoba 2023 an kwantar da mutane a asibiti a ƙasar Ostiriya bayan sun yi amfani da Ozempic na bogi da aka yi zargin insulin aka ɗura a ciki. A Yuni 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan jabun da aka gano a Brazil da Birtaniya da Amurka. Idan har ƙasashe masu tsauraran matakan tsaro sun sha wannan, kasuwar da ta buɗe kamar tamu sai a yi hattara. Shi ya sa duba lambar NAFDAC a manhajar hukumar mai suna Greenbook ya fi yarda da hoton kwali, kuma arhar da ta wuce hankali ita kanta alama ce.

Ko na gaskiyar ma yana iya lalacewa a hanya, kuma a nan Kano take da tata matsalar. Ana adana allurar da ba a buɗe ba a firji, tsakanin maki 2 zuwa 8 a ma'aunin Salsiyos. A watan Afrilu zafin Kano kan haura maki 40, wutar lantarki kuma kowa ya san halinta. Allurar da ta kwana a tashar mota, ta yini a jakar mai babur, babu mai iya rantsuwa a kan ƙarfinta. Ya kamata a tambayi mai sayarwa yadda yake ajiya da yadda yake aikewa.

Aikin likita ba ya ƙarewa ranar da aka kawo kaya. Ana farawa da miligiram 0.25, a riƙa ƙarawa duk bayan mako huɗu, saboda tashin zuciya da amai da gudawa ko taurin bayan gida sukan biyo baya. Ciwon ciki mai tsanani da ya ƙi lafawa yana buƙatar asibiti nan take, don haka shirin kirki zai faɗi inda zai tura mutum, Asibitin Malam Aminu Kano ne ko na Murtala. Mai niyyar azumi ya tattauna da likitansa tun kafin Ramadan, domin amai a kan ƙishirwa yana iya taɓa ƙoda.

Sai lissafin aljihu, wanda masu talla ba sa kawowa. A babban gwajin da aka wallafa a 2021, masu yin allurar sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a mako 68. Waɗanda aka bibiya bayan sun daina kuwa, kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar ya dawo musu cikin shekara guda.