Tsaka Ba Iri Ɗaya Ba Ce

'Yan'uwa manoma, a ƙasar Kano akwai tsaka iri-iri. Ku dubi yatsu da ido.

Tsakar gida, wadda ke bin bangon soraye cikin birni, tana da ƙananan ƙuraje a baya, ba ta ƙifta ido. Ta biyu, bakin yatsunta a baje yake kamar mafici, ta fi son duwatsu. Ta uku a ƙasa take zama, wutsiyarta da kauri, tana rufe ido.

Babu mai dafi cikinsu. Sauro da ƙwarin rumbu suke ci, don haka kada a kashe su. A dai rufe abinci, gama kashinsu yakan kawo ciwon ciki. Sakataren ƙungiya ya riƙa rubuta irin da aka gani, da wuri, da rana.