Ƙwayoyin Tsarin Iyali a Gaban Alƙali

Ƙwayar tsarin iyali, wadda mace ke haɗiya kullum don hana ɗaukar ciki, ta samu izini a Amurka a 1960, lokacin da Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta ƙasar, FDA, ta amince da Enovid na kamfanin Searle. Ba a daɗe ba likitoci a Ingila suka fara ba da rahoton matan da jini ya daskare musu a jijiya suna cikin shan ta. Tun daga lokacin ake kai kamfanonin da ke yin ƙwayar kotu, kuma kusan kowace shari'a a kan tambayoyi biyu take tsayawa: ko kamfani ya yi gargaɗi yadda ya kamata, da kuma ko ƙwayar ce ta jawo wa mai ƙara ciwon.

Illar da ake ƙara a kanta

Yawancin ƙwayoyin sun ƙunshi sinadarai biyu masu kwaikwayon waɗanda jikin mace ke samarwa, istirojin da furojestin. Istirojin yana sa jini saurin daskarewa. Gudan jinin kan taru a jijiyar da ke can cikin sharaɓa ko cinya, sai ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, taka ta ya zama wahala. Idan gudan ya ɓalle ya bi jini zuwa huhu, numfashi ya sarƙe ke nan, ƙirji ya riƙa suka, wani lokaci mace ta yanke jiki ta faɗi. Idan kuwa jijiyar ƙwaƙwalwa ce ta toshe, shanyewar ɓarin jiki ke biyo baya.

Hukumar Magunguna ta Tarayyar Turai ta auna haɗarin a 2013. Cikin mata 10,000 da ba sa shan ƙwaya kuma ba su da ciki, kimanin 2 ne ke samun wannan daskarewa a shekara. Ga masu shan tsohuwar ƙwaya mai levonorgestrel, adadin ya kai 5 zuwa 7. Ga masu shan sababbi, masu drospirenone ko desogestrel ko gestodene, ya kai 9 zuwa 12. Makonnin farko na jego sun fi duk waɗannan haɗari nesa ba kusa ba. Tazarar da ke tsakanin tsohuwar ƙwaya da sabuwa ita ce lauyoyi suka shafe shekaru suna jayayya a kai.

Haƙƙin a faɗa wa mace

A shekarun farko likita kaɗai kamfani ke yi wa bayani. A 1969 'yar jarida Barbara Seaman ta fitar da littafi kan illolin ƙwayar, kuma a Janairun 1970 Sanata Gaylord Nelson ya buɗe zaman sauraron bahasi a Majalisar Dattawan Amurka. Ba a gayyaci ko mace ɗaya mai shan ƙwayar ta ba da shaida ba, sai wasu mata 'yan gwagwarmaya suka miƙe daga kujerun 'yan kallo suna katse zaman da tambayoyi. A shekarar FDA ta wajabta sa takardar gargaɗi a cikin kwalin ƙwayar domin mai sha ta karanta da kanta.

A dokar Amurka, kamfani kan fita zargi idan ya sanar da likita haɗarin magani, domin likita ne ke rubuta shi. Babbar kotun jihar Massachusetts ta cire ƙwayar tsarin iyali daga wannan ƙa'ida a 1985, a ƙarar da wata mata da ɓarin jikinta ya shanye ta shigar kan kamfanin Ortho. Takardar kwalin ta ambaci daskarewar jini mai iya kisa, amma ba ta ambaci shanyewar ɓarin jiki da sunansa ba. Kotun ta ce mai shan wannan ƙwaya lafiyayya ce, ita ke zaɓa, kuma takan daɗe ba ta ga likita ba, don haka wajibi ne kamfani ya gargaɗe ta kai tsaye da harshen da za ta gane. Jihohi da yawa ba su bi wannan hukunci ba.

Yasmin da Yaz

Ƙarar da ta fi kowace girma ita ce ta Yasmin da Yaz, ƙwayoyi masu drospirenone da FDA ta amince da su a 2001 da 2006. Suna hannun kamfanin Bayer na Jamus tun da ya sayi Schering a 2006. A Oktoban 2008 FDA ta gargaɗi Bayer cewa tallan Yaz a talabijin ya zuzuta amfaninta ya kuma rage girman haɗarinta. A 2009 kamfanin ya amince ya kashe dala miliyan 20 wajen tallan gyara. A shekarar ne kuma binciken Denmak da na Holan suka nuna haɗarin daskarewa ya fi yawa a drospirenone fiye da tsohuwar ƙwaya.

Dubban mata da iyalan waɗanda suka rasu suka shigar da ƙara. Aka tattara ƙararrakin kotunan tarayya gaban Alƙali David Herndon a kudancin jihar Illinois. Shari'ar gwaji ta farko da aka sa a Janairun 2012 ba ta yiwu ba, domin alƙali ya tura ɓangarorin sulhu. A Afrilun shekarar FDA ta sa a ƙara wa takardar kwalin bayanin cewa wasu bincike sun ga haɗarin ya kai ninki uku, wasu kuma ba su ga ƙari ba. Zuwa farkon 2016 Bayer ya sasanta da mata kimanin 10,300 kan kuɗi da ya haura dala biliyan 2, ba tare da ya amsa laifi ba. Ya kuma ware dala miliyan 24 ga masu ƙorafin ciwon maɗaciya.

Inda masu ƙara suka faɗi

A Turai labarin ya sha bamban. A Ingila mata sama da 100 sun kai kamfanonin Schering da Organon da Wyeth babbar kotun Landan kan sababbin ƙwayoyi. Ɓangarorin sun yarda tun farko cewa sai an tabbatar haɗarin ya haura ninki biyu na tsohuwar ƙwaya kafin a ce, bisa rinjayen zato, sabuwar ce ta jawo wa mace ciwo. A Yulin 2002 Alƙali Mackay ya yanke cewa ƙarin, in ma akwai, kimanin ninki 1.7 ne, ƙarar ta rushe.

A Jamus wata kotu a Waldshut-Tiengen ta kori ƙarar wata mata da jini ya toshe mata huhu tana shan wata ƙwaya mai suna Yasminelle, a 2018, saboda ba a iya kawar da yiwuwar cewa doguwar tafiyar jirgin sama da ta yi ce sanadi ba. Nan ne masu ƙara suka fi tuntuɓe, domin ƙiba, shan taba, tiyata, daɗewa a zaune da gadon jini mai saurin daskarewa duk suna haifar da ciwo iri ɗaya. A Faransa ƙarar wata budurwa a Disamban 2012 ta girgiza ƙasar, har gwamnati ta daina biyan kuɗin wasu sababbin ƙwayoyi ta inshorar lafiya a 2013.

Bambancin Amurka da Turai ya samo asali daga tsarin shari'a. A Amurka lauya kan karɓi ƙara ba tare da an biya shi ba, ya ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku idan an yi nasara, kuma talakawan gari da ake zaɓa su saurari shari'a ne ke yanke diyya. Kamfani kan gwammace sulhu da ya fuskance su sau dubbai. A Turai alƙali ne ke auna hujjar kimiyya da kansa, diyya ba ta da yawa, kuma wanda ya faɗi kan biya kuɗin shari'a.

Ko'ina ne, mai ƙara tana bukatar takardun asibiti da suka nuna ciwon, shaidar sunan ƙwayar da lokacin da ta sha ta, da ƙwararren likita mai tabbatar da alaƙar. Akwai kuma wa'adi, wanda a jihohin Amurka da yawa shekara biyu ne ko uku.

Ba a janye Yasmin da Yaz daga kasuwa ba. Abin da shari'o'in da binciken suka canza shi ne gargaɗin da ke cikin kwali da tambayoyin da ake yi kafin a ba da ƙwaya. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana ƙwaya mai istirojin ga macen da ta taɓa samun daskarewar jini, da mai hawan jini mai tsanani, da mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da rikicewar gani, da wadda ta kai shekara 35 tana yawan shan taba, da mai shayarwa a makonni shida na farkon jego.