Ɗanki ya ce zai buɗe sutudiyo a ɗakinsa? Ga abin da za ki fara sani

Uwargida, da zarar kaka ta yi a Funtuwa da Malumfashi, masara da waken suya suka shigo gida, sai buƙatun yara su taso. Bara ƙanena ya matsa wa mahaifiyarmu a sayar da masara a saya masa kwamfuta da wani abu wai shi filogin. Ta kira ni ta ce, "Ke da kika yi boko, mene ne wannan?" Ga abin da na gano.

A da, sai da mikisa ake haɗa waƙa, wani ƙaton tebur mai ɗimbin maɓallai. Waƙoƙin marigayi Mamman Shata, wanda ya daɗe a Funtuwa kafin rasuwarsa a 1999, a faifai da kaset muka gaje su, tun kafin kwamfuta ta mamaye sutudiyo. A Ingila, kamfanin Neve ya fito da na'urarsa mai lamba 1073 a 1970, kamfanin SSL kuma ya yi suna da mikisarsa 4000. Wutar da ke ratsa cikin waɗannan na'urori tana ɗan sauya sauti, murya ta ƙara kauri da daɗin ji.

Filogin ƙaramar manhaja ce da ke kwaikwayon wannan aiki. Injiniyoyi kan auna yadda kowane sashe na mikisar ke sarrafa sauti, su mayar da shi lissafi. Kamfanin Steinberg na Jamus ya ƙirƙiro tsarin VST a 1996, a 2006 kuma Waves ya fitar da kwaikwayon SSL 4000. Shi ya sa yaro mai FL Studio zai iya koyon sana'ar a ɗakinsa.

Kafin ki taɓa rumbu, ki sani akwai na kyauta, irin su Airwindows, kuma sun ishi mai koyo. Ki hana shi sauke na sata, don sukan zo da manhajar da ke lalata kwamfuta. Sannan ba lallai ne filogin ya iya gyara muryar da aka ɗauka cikin ƙarar janareta ba.

Ni a matsayina na nas, kunnensa ya fi damuna. Mai haɗa sauti kan kwana da abin ji a kunne yana maimaita waƙa ɗaya. A can cikin kunne akwai ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi. In ƙara ta kashe su, ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin raunin ji saboda sauraro da ƙarfi. Ta ce babba zai iya jure desibel 80 na awa 40 a mako, amma a desibel 90 awa 4 ne kacal.

Don haka kada ya wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin sautin, kuma ya riƙa cire abin jin yana hutawa. In kina kusa da shi kika yi magana bai ji ba, ƙarar ta yi yawa. In ya ce kunnensa na tsuwa, ko ya fara yawan cewa "Na'am? Me kika ce?", ki kai shi asibiti a duba.

Ƙanena dai tsohuwar kwamfuta aka saya masa, da sharaɗin Hajiya: in ta kira sau biyu bai amsa ba, a kashe.