Taswira Ta Ƙi Fitowa a Waya? A Fara Duba Adireshi

Kamfanin kai kaya ko otal kan sa a ƙawata masa taswira, tituna su fito da launin tambarinsa, a ɓoye shagunan da ba ruwansa da su. A kwamfuta komai tsaf, amma da an buɗe a waya sai a tarar da fili fari fat, ko taswirar ta koma kamanninta na asali. Nan take a ɗora wa netwok laifi. Galibi kuwa netwok ba shi da hannu, matsalar tana cikin adireshin intanet da manhajar wayar ke aika wa sabar taswira.

Ƙa'idar RFC 3986 ta shekarar 2005 ta ƙayyade abin da zai shiga adireshin intanet: haruffan Ingilishi, lambobi da wasu 'yan alamomi. Duk abin da ya fita daga nan sai an sauya shi zuwa alamar % da wata lamba ta musamman. Tsarin taswira na Google Static Maps yana raba umarnin salo da tsayayyen layin nan |, alhali layin ba ya cikin abin da aka halatta, dole ya koma %7C. Alamar # ta fi ɓarna, domin duk abin da ya biyo bayanta ba ya isa sabar ko kaɗan. Wanda ya rubuta launin ja da #FF0000 ya datse saƙonsa da hannunsa, kuma ma 0xFF0000 ne Google ke karɓa. Haruffanmu masu lanƙwasa ba su tsira ba: wanda ke neman Ƙofar Mata a Kano sai harafin Ƙ ya zama %C6%98. Burauzar kwamfuta tana yin yawancin gyaran nan shiru ba ta faɗa ba, shi ya sa gwajin kwamfuta ke yaudarar mutum. Manhajar iPhone kuwa, kafin iOS 17, da ta ga haramtaccen harafi sai ta ƙi karɓar adireshin gaba ɗaya.

Wani zai ce ai tun 2023 Apple ya sa iOS 17 yana gyarawa da kansa, mene ne na damuwa? Amsar ita ce tsofaffin wayoyi suna nan birjik a hannun jama'a, sannan gyaran ba ya taɓa #, tunda halattacciya ce da aka ajiye a inda bai dace ba. Wani kuma zai ce to a sauya komai a huta. Nan ma akwai tarko: idan aka sauya sau biyu, %7C ya koma %257C, sabar ba za ta gane umarnin ba.

Saboda haka mai haɗa manhaja ya fito da ainihin adireshin da wayar ta aika ya karanta shi da idonsa. Ya sauya kowane ɓangare daban, sau ɗaya tak, kuma ya gwada a kan tsohuwar waya kafin ya miƙa aiki.